Bin Na Gaba da Hukuncin Zuciya

Hausawa kan ce bin na gaba bin Allah ne. To, amma idan na gaban suka zama biyu, wato malamin da zuciya ta kwanta da shi da kuma hukumar da ke sama da malamin, wa za a bi? Wannan tambaya ta taso wa mabiya ɗarikar Katolika a Inugu, a kan idon 'yan'uwanmu Hausawa mazauna can, kuma mu ma ta shafe mu.

A ranar 5 ga Mayu, 2021, labari ya bazu cewa an nemi Fada Ejike Mbaka, jagoran dandalin addu'a na Adoration, an rasa. Nan da nan mabiyansa suka ɗunguma zuwa gidan Bishop Callistus Onaga, suka yi ɓarna, kafin daga bisani Fadan ya bayyana. A watan Yuni na 2022 kuma, bayan wasu kalamansa na siyasa a kan Peter Obi, Bishop ya hana 'yan ɗarikar halartar dandalin. Mabiya suka sake yin bore, shi kuwa Fadan ya bayyana cewa ya karɓi hukuncin.

Mai kallo daga nesa zai ɗauka cewa mabiyan ne suka bi zuciyarsu, malamin kuwa ya ba da kai don tsoro. A ganinmu lissafin ba haka yake ba. Littafin koyarwar ɗarikar na 1992 ya wajabta wa mutum bin lamirinsa, wato alƙalin nan na cikin zuciya mai rarrabe daidai da kuskure, amma ya ɗora masa nauyin tarbiyyantar da wannan alƙali da ilimi da shawarar magabata. Haka kuma, ranar da ake naɗa Fada yakan sa hannuwansa cikin na Bishop, ya yi alkawarin biyayya. Ke nan wanda ya cika alkawarin da ya ɗauka da bakinsa, lamirinsa ya bi.

Wannan ba ya nufin hukuma ba ta kuskure. Kotun coci ce ta hukunta Joan of Arc, aka ƙone ta a Faransa a 1431, sannan aka soke hukuncin a 1456. Saboda haka akwai ranar da mai imani zai ce a'a. Abin dubawa shi ne yadda ake faɗinta. A Ingila, Thomas More ya ƙi rantsuwar da za ta mai da Sarki Henry na Takwas shugaban coci. Bai tara jama'a ba, bai fasa ƙofar kowa ba. Shi kaɗai ya ɗauki sakamakon, aka fille masa kai a 1535.

A nan ne ma'aunin yake. Mai bin lamiri na gaskiya shi ke biyan kuɗin ra'ayinsa, kamar yadda kowa ya ɗebo da zafi bakinsa. Wanda kuwa ya sa wani ya biya, ta hanyar jifa ko ƙone-ƙone, son malami ne ke jan sa, ko da ya raɗa masa suna imani.

Mu ma muna da shehunai da malaman da muke ƙauna, daga Kano har masallatan Anacha da Fatakwal, inda baƙunta kan ƙara manne almajiri da malaminsa. Duk ranar da aka taɓa malaminmu jininmu ya tafasa, ya kamata mu tambayi kanmu: da wani malamin aka yi wa haka, za mu ga zalunci ne ko gyara? In amsar ta sauya da sauyin suna, to, ba lamiri ne ke magana ba.