Funfunar Gyaɗa da Amanar Tiya

Ya 'yan'uwa, funfuna halitta ce mai rai, ba tsiro ba, ba dabba ba. Ita ke ruɓar da karan gero da ganyen gawo su zama taki a gonakin Magarya da Dungas. Amma wani irinta yakan kama gyaɗa mai danshi, ya zuba mata dafi mai lalata hanta, wanda suya ba ta kawarwa duka. A shekarar 1960 dafin ya hallaka talotalo wajen 100,000 a Ingila.

To, manomin da talauci ya matsa, ya halatta ya cusa irin wannan gyaɗa ƙarƙashin tiya? Manzon Allah (SAW) ya tsawata wa mai ɓoye jiƙaƙƙen hatsi. Talaucin gaskiya ne, amma ɗan wani zai ci ƙuliƙulin.