Bitrus Yana Bakin Ƙofa

'Yan'uwa cikin Almasihu, akwai tambayar da takan taso wa mai bi sa'ad da ya daɗe a kan gwiwa bai ga amsa ba: ko bangaskiyarsa ce ta kasa? Bari mu duba Ayyukan Manzanni sura 12.

Sarki Hirudus Agaribas, wanda ya mutu a shekara ta 44, ya sa aka kashe Yaƙub ɗan'uwan Yohanna da takobi. Ya kuma kama Bitrus, ya sa sojoji 16 su yi tsaronsa huɗu huɗu, aka ɗaure shi da sarƙa biyu. Ikkilisiya kuwa ba ta da doki, ba ta da mashi, ba ta da kowa a fada. Addu'a kaɗai ke hannunta, ta kuwa yi ta da naciya.

Da dare mala'ika ya fito da Bitrus, ƙofar ƙarfe ta buɗe da kanta. Ya nufi gidan Maryamu uwar Yohanna Markus, inda ake addu'a, ya ƙwanƙwasa. Wata baiwa, Roda, ta gane muryarsa, don murna ta sheƙa ciki ba ta buɗe ba. Masu addu'a suka ce ta haukace! Amsar roƙonsu tana tsaye a waje cikin duhu, su kuwa suna ciki suna gardama. Abin yakan ba mu dariya, yakan kuma kwantar mana da rai, gama a fili yake ba girman bangaskiyarsu ne ya tsinke sarƙa ba. Wanda suka roƙa shi ne mai iko.

To, Yaƙub fa? Da wuya a ce ikkilisiya ba ta yi kuka dominsa ba, duk da haka takobi ya ci shi. Kalmar Helenanci da Luka ya sa domin naciyar nan, asalinta miƙewa ce, kamar igiyar guga sa'ad da ake jan ruwa. Ita ce kuma ya sa domin addu'ar Ubangijinmu a daren da aka bashe shi (Luka 22). Babu wanda ya taɓa roƙo kamarsa, amma ba a ɗauke masa ƙoƙon ba. Mala'ika aka aiko ya ƙarfafa shi.

Saboda haka in mun je gaisuwar ta'aziyya wurin gwauruwar da ta yi watanni tana roƙo domin mijinta, kada bakinmu ya kuskura ya ce bangaskiyarta ce ta gaza. Mu zauna a tabarma tare da ita, mu sāke yin addu'a.