Bangaskiya da Aiki: Wanne Ne Gaba?

Tun da aka buga Littafi Mai Tsarki cikakke da Hausa a 1932, bayan ɗawainiyar da Likita Miller na Zariya da abokan aikinsa suka sha, Kiristocin ƙasar Hausa suke bitar wata tsohuwar mas'ala, wato matsayin aiki nagari wajen tsirar mai zunubi. Manzo Bulus, cikin wasiƙarsa zuwa ga Romawa, ya tabbatar da cewa ɗan Adam ba ya sayen gafara da ƙoƙarinsa, alherin Ubangiji ne yake samu ta hanyar bangaskiya; Yakubu kuwa, cikin tasa wasiƙar, ya yi gargaɗi game da imanin da yake barin mayunwaci da yunwarsa. Malaman Musulunci ma sun san irin wannan saɓani tun zamanin Murji'a da Hawarijawa.

A ganina maganganun Bulus da Yakubu ba su yi karo ba, domin ruwan da madatsar Goronyo take tarawa daga Gulbin Rima ba manomi ya halicce shi ba, amma sai ya isa fadamar shinkafa sannan fa'idarsa take bayyana; haka ma bangaskiya take da aiki. Saboda haka Kiristan da yake zaune cikin tsiraru a Rabah, ko a Wurno inda Sarkin Musulmi Muhammadu Bello yake kwance tun 1837, tsakanin maƙwabtan da ba sa karanta littafinsa, ba shi da hujjar da ta wuce cika mudu, da riƙon amana, da gaggawar tuba idan ya zalunci wani, gama da waɗannan jama'a za su auna da'awarsa.