Haƙƙin Yaronka Idan Ya Yi Rashi

Bismillahir Rahmanir Rahim. Bayan haka, ya kai ɗan'uwa matashi mai shago ko gona a Karofi, idan yaronka ya yi rashi, me ke kanka?

Wasu sai su je su ce Allah Ya jiƙan rai, ranar biya kuma su zaftare kuɗin kwanakin da bai zo ba. Shin wannan ta'aziyya ce?

Ka sani, da Ja'afar ɗan Abu Ɗalib ya yi shahada a Mu'uta, shekara ta 8 bayan Hijira, Annabi (S.A.W.) ya yi umarni a dafa wa iyalinsa abinci, domin abin da ya same su ya shagaltar da su. Wato mai rashi ɗauke masa nauyi ake yi.

To, ba shi kwana 3, kada ka taɓa ladansa. Bi gawa har maƙabarta, ka aika da tuwo. In ya dawo ya yi kuskure a awo, kada ka tsawata masa gaban jama'a, hankalinsa na gida ne. In ka ce ciniki zai tsaya, to, Wa ke ba ka cinikin?

Allah Ya sa mu dace, amin.