Hukuncin Yanke Tsoka a Maƙogwaro: Tsakanin Askar Wanzami da Wuƙar Likita

Malaman fiƙihu sun tafi a kan cewa jikin ɗan Adam amana ce a hannunsa, kuma asalin hukuncin tsaga shi ko yanke wani sashe nasa haramci ne, sai fa idan wani dalili ya zo wanda ya rinjayi wannan haramcin. Ƙa'idar tana da aiki kullum a Kano, inda ƙarfe iri biyu ke shiga maƙogwaron yara: na wanzami, wanda ke cire beli, wato 'yar tsokar da ke reto a ƙarshen ganda, galibi a makon farko na haihuwa, da na likitan kunne da hanci da maƙogwaro, wanda ke cire tansil, wato ƙululan tsoka biyu da ke gefe da gefen maƙogwaro. Iyaye da yawa sukan miƙa lafiyayyen jariri ga wanzami ba tare da wani ɗar ba, amma idan aka ce ɗansu yana buƙatar tiyata, ko a Asibitin Muhammad Abdullahi Wase da ke Nassarawa GRA, wanda jama'a suka fi sani da asibitin Nassarawa, ko a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, sai su yi ta jan ƙafa suna cewa ba za a sa wa yaronsu wuƙa ba, Allah ne mai warkarwa.

Babu shakka Allah ne mai warkarwa, sai dai wannan bai taɓa hana neman magani ba. Muslim ya ruwaito cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya aika wa Ubayyu ɗan Ka'abu mai magani wanda ya yanke masa jijiya sannan ya lalasa wurin, kuma Abu Dawud da Tirmizi sun ruwaito cewa ya yi wa Arfaja ɗan As'ad, wanda aka sare wa hanci a yaƙi tun zamanin jahiliyya, izinin sanya hancin zinariya bayan na azurfa ya yi wari. Hadisin da ya fi kusa da wannan mas'ala kuwa shi ne na Ummu Ƙais 'yar Mihsan, wanda Bukhari da Muslim suka fitar: ta zo da ɗanta bayan ta danne masa maƙogwaro da yatsa saboda kumburi, kamar yadda matan Larabawa suka saba, sai Annabi ya yi inkarin wannan azabtarwa, ya yi nuni zuwa ga ƙusɗul Hindi, wata saiwa da ake magani da ita. Abin da za a fahimta a nan shi ne daɗewar al'ada da kyakkyawar niyyar uwa ba sa halatta wahalar da yaro idan akwai hanyar da ta fi sauƙi.

Daga irin waɗannan nassoshi malamai suka fitar da sharuɗɗa: a tabbatar akwai cuta, amfanin aikin ya rinjayi cutarwarsa, mai aikin ya zama masani, kuma majiyyaci ko waliyyinsa ya yi izini. Cire tansil a asibiti, idan an bi ƙa'ida, ya cika su. Likitoci ba sa gaggawar yinsa, ma'aunin da suka fi aiki da shi kuwa shi ne yaro ya yi ciwon maƙogwaro mai tsanani sau 7 a shekara guda, ko sau 5 a kowace shekara har shekara biyu, ko sau 3 a kowace shekara har shekara uku, ko kuma tsokar ta kumbura har tana toshe masa numfashi cikin barci, ana jin munsharinsa daga tsakar gida, yana kwana baki buɗe, numfashin yana ɗaukewa yana dawowa. Kafin aiki ana auna jini, ana tambaya ko akwai sikila ko matsalar tsayawar jini, ana kuma hana cin abinci na kimanin awa 6 domin kada abin da ke ciki ya kwararo cikin huhu bayan an ba da maganin sa barci. Aikin kansa bai cika wuce awa guda ba, amma zafin haɗiya yakan kai mako biyu, wani lokaci har ya harba zuwa kunne, kuma farin ɓawon da ke rufe wurin alamar warkewa ce wadda bai kamata a ɗauke ta a matsayin mugunya ba. Haɗarin da ya fi muhimmanci shi ne zubar jini, musamman tsakanin kwana 5 zuwa 10 lokacin da ɓawon ke faɗuwa, wanda ya ga jini a bakin yaro kuwa wajibi ne ya koma asibiti nan take, ko da tsakar dare ne. Bayyana wa iyaye wannan haɗari haƙƙinsu ne a kan likita, domin izinin da aka bayar cikin duhu bai cika izini ba.

Sauran ayyukan sashen kunne da hanci da maƙogwaro hukuncinsu ɗaya ne, kamar ɗinke dodon kunnen da ya huje, ko daidaita karkataccen guringuntsin hanci, ko cire tsiron da ya toshe shi. Shari'a ma ta yi wa mai jinyarsu sauƙi, tunda shaƙa ruwa a alwala sunna ce a mazhabar Malikiyya, shafa a kan bandeji ya halatta, wanda sujada za ta cutar kuma yana iya yin nuni.

Cire beli ga jariri ne ke faɗuwa a sharaɗin farko, domin babu cutar da ake magancewa. Beli halitta ce da kowane lafiyayyen mutum ke da ita, tana taimakawa wajen rufe hanyar hanci yayin haɗiya, kuma ƙin kama nono da amai da rama da ake jingina mata suna da wasu sabubba, waɗanda jinkirin gano su kan iya halaka jariri. A ɗaya ɓangaren kuma akwai zubar jini ga jikin da jininsa bai taka kara ya karya ba, da tetanus mai sandarar da jiki da sarƙe muƙamuƙi, da ciwon hanta da ƙanjamau idan ƙarfe ɗaya ya zaga bakuna ba a tsarkake shi ba. Ko Abul Ƙasim Zahrawi, babban likitan fiɗa na Ƙurɗuba wanda ya rasu wajen shekarar 1013, da ya yi bayanin wannan aiki a littafinsa At-Tasrif, ya taƙaita shi ne ga belin da ya kamu da cuta, ya kuma yi gargaɗin cewa yanke fiye da kima yana ɓata murya. Wanzanci sana'a ce mai daraja wadda ta yi wa ƙasar Hausa hidima tun kafin a gina asibiti ko ɗaya, kuma faɗin wannan gaskiya ba cin fuskar masu zabira ba ne. Amma hadisin da Abu Dawud da Nasa'i suka ruwaito ya ɗora lamuni, wato biyan abin da aka ɓata, a kan duk wanda ya yi magani ba tare da an san shi da iliminsa ba.

Waliyyin yaro ba shi da ikon yin izini sai a kan abin da yake maslaha ga yaron. Saboda haka uban da ya hana a cire tansil ɗin da ke shaƙe ɗansa ya tauye masa haƙƙi, wanda ya miƙa lafiyayyen jariri a yanke masa beli kuma ya bayar da abin da ba nasa ba. Ya kamata limamai da masu wa'azi su riƙa bayyana wannan hukunci a wuraren suna, inda iyaye da kakanni da wanzamai ke zaune wuri guda.