Fuskarka Amana Ce: Gargaɗi ga Samari Game da Fita Waje Don Gyaran Wuya da Haɓa

Dukkan yabo da godiya sun tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda ya ƙaga surarmu a cikin mahaifa ba tare da ya shawarci kowa ba. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu, da alayensa, da sahabbansa, da duk wanda ya bi tafarkinsu har zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, ya kai ɗan'uwana saurayi Musulmi, wata sabuwar fitina ta shigo mana cikin ganuwa, ba ta biyo ta Ƙofar Mata ko Ƙofar Nasarawa ba, ta wayar da ke aljihunka ta shigo. Kana zaune a dakalin ƙofar gida sai a nuno maka hoton mutum guda sau biyu: a na farko wuyansa ya saki, kitse ya taru ƙarƙashin haɓarsa; a na biyu wuyan ya ɗame, muƙamuƙi ya fito kamar an sassaƙa. A ƙasa an rubuta sunan wani asibiti a Istambul ko Dubai, har da masauki da motar ɗauko ka daga filin jirgi. Da mata ake yi wa irin wannan talla, yanzu kuwa har da maza. Hanyar kuma ba baƙuwa ba ce a gare mu, tun da 'yan kasuwarmu na Kantin Kwari sun daɗe suna zuwa waɗannan garuruwa saro kaya. Saboda haka ya zama wajibi mu tsaya mu tambaya: shin fuskar mutum mallakarsa ce, ya yi yadda ya ga dama da ita, ko kuwa ajiya ce aka ba shi?

Abin da ake yi a can

Kafin hukunci sai an san abin da ake hukuntawa. Aikin wuya, watau, likita zai tsaga fata ta bayan kunne da ƙarƙashin haɓa, ya zuƙe kitse da wani siririn bututu, ya ɗaure tsokar da ke shimfiɗe a gaban wuya, sa'an nan ya ja fatar ya yanke rarar ya ɗinke. Aikin haɓa da muƙamuƙi kuwa, ko dai a cusa wani abu mai kama da roba a kan ƙashi, ko a yanka ƙashin haɓar kansa a matso da shi gaba a ɗaure da ƙarfe, ko a yi ta ɗura allurai masu cika fata, waɗanda suke zagwanyewa bayan watanni sai an sake. Galibi ana yin manyan ayyukan ne bayan an sa mutum barci. To, ka ji fa. Wannan ba aski ba ne, fiɗa ce sosai, a wurin da jijiyoyin fuska da hanyar numfashi suke.

Wuƙa ɗaya, hukunci biyu

Kada wani ya ce malamai sun haramta tiyata. Ba su haramta ba. Abu Dawuda da Tirmizi da Nasa'i sun ruwaito labarin sahabi Arfajatu ɗan As'adu, wanda aka sare wa hanci a yaƙin Kulab tun zamanin jahiliyya. Ya sa aka yi masa hanci na azurfa, sai ya yi ɗoyi, Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya umurce shi ya sa na zinariya. Dubi nan: zinariya haramun ce ga namiji, amma aka halatta masa ita don a mayar da fuskarsa yadda take. A ɗaya gefen kuma, Buhari da Muslim sun ruwaito daga Abdullahi ɗan Mas'udu tsinuwa a kan masu yin zane a fata da masu goge haƙora su yi wushirya don neman kyau, aka ambaci dalilin tsinuwar, shi ne canja halittar Allah. In ka buɗe Suratun Nisa'i, aya ta 119, za ka tarar canja halitta yana cikin abubuwan da Shaiɗan ya ɗauki alkawarin zai umurci 'yan Adam da su.

A kan wannan ma'auni ne Majalisar Fiƙihu ta Ƙasashen Musulmi ta yi zamanta na 18 a garin Putrajaya na ƙasar Maleshiya a shekarar 2007, ta fitar da matsaya. Ta halatta fiɗar da za ta gyara aibin da aka haifi mutum da shi, kamar tsagaggen leɓe, da wanda ya same shi daga baya ta ƙuna ko haɗari ko cuta, da wadda za ta kawar da munin da yake cutar da mai shi a jiki ko a rai. Ta hana fiɗar da za a yi wa lafiyayyar halitta don bin son zuciya da kwaikwayon wasu, ta kuma hana kawar da tattarar tsufa da wuƙa ko allura sai in cuta ce ta kawo ta.

Ashe ke nan wuƙar ɗaya ce, likitan ma yana iya zama ɗaya, amma hukunci biyu ne. Mai maƙoƙo da ya je aka cire masa a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, magani ya nema. Ɗan acaɓan da ya faɗi muƙamuƙinsa ya karye aka ɗaure masa, magani ya nema. Kai kuwa da wuyanka yake juyawa dama da hagu, haɓarka take tauna tuwo lafiya lau, wace cuta za ka ce wa likita ta kawo ka?

Wa ya gaya maka fuskarka tana da aibi?

Nan ne gindin maganar. Shekara goma da suka wuce kana da wannan haɓa, kana zuwa makarantar allo da ita, ba ka taɓa jin ta dame ka ba. Mahaifiyarka ba ta ce tana da aibi ba, abokanka na unguwa ba su ce ba. Ranar da ka fara ganin aibinta ita ce ranar da ka fara auna ta da ta ɗan fim da ɗan ƙwallo, da kuma hotonka na waya wanda na'ura ta riga ta goge ta gyara. Mai tallan ya san sana'arsa: sai ya fara sayar maka da cutar, sa'an nan ya sayar maka da maganin. Allah Ta'ala ya shaida a Suratut Tini cewa ya kyautata tsayuwar halittar ɗan Adam, kai kuma ka ɗauki shaidar wanda abincinsa yake cikin ka raina kanka. Haba ɗan'uwa!

Ku samari kuna dariyar kakanninmu da suka kai jarirai wurin wanzami ya yi musu bille da kalangu da zube. Malaman Sunna sun yi wa'azi a kan tsaga har ta ragu ƙwarai, dokar kare haƙƙin yara ta tarayya ta 2003 ma ta hana ta. To, mene ne bambancin askar wanzami da wuƙar Istambul, ban da cewa wancan da ɗan hatsi ake biyansa, wannan kuwa sai da dala? Shi jaririn ma yana da uzuri, ba a tambaye shi ba. Kai kuwa da ƙafarka za ka hau jirgi.

Hujjojin da ake kawowa

Wani zai ce, ai Musulunci bai hana ado ba. Gaskiya ne. A cikin Sahihu Muslim an tambayi Manzon Allah game da mutumin da yake son tufarsa da takalminsa su yi kyau, bai kira wannan girman kai ba. Sa babbar rigarka, shafa turare, yi asuwaki, gyara gemunka, rage tumbi da tafiya da rage ci. Duk wannan ƙawata ajiya ne. Amma wanda aka ba ajiyar gida yana iya share shi ya yi masa shafe, ba shi da ikon rushe bango don bai yi kama da na maƙwabci ba.

Wani zai ce, kuɗina ne, guminta na ci. Tirmizi ya ruwaito cewa ranar alƙiyama za a tambayi bawa game da dukiyarsa ta fuska biyu, inda ya samo ta da inda ya kashe ta, a kuma tambaye shi game da jikinsa. Mai wannan tafiya ya haɗa wa kansa tambayar dukiya da ta jiki a aiki guda. Kuɗin jirgi da masauki da asibiti miliyoyin naira ne, sun isa jari, sun isa sadaki da lefe.

Wani kuma zai ce, malam, abin nan yana hana ni barci, ina jin kunyar shiga mutane. Wannan ba abin dariya ba ne, kuma ba za mu yi masa tsawa ba. In aibi ne na gaskiya wanda kowa yake gani, ƙofar magani a buɗe take, ka sami likita amintacce da malami mai tsoron Allah su duba lamarinka. Amma likitocin ƙwaƙwalwa sun san wata cuta wadda mai ita yake wuni gaban madubi yana ganin munin da ba wanda yake gani sai shi, kuma sun tabbatar yawancin masu ita ba sa samun natsuwa bayan fiɗa: an gyara haɓa sai hanci ya tsone musu ido. Ciwon da ke zuciya ba a yanke shi a wuya.

Hangen Dala ba shiga birni ba ne

Hoton talla ba ya nuna maka waɗanda aikin ya ɓaci. Jini yana iya taruwa ƙarƙashin fatar wuya bayan aiki har ya matse numfashi, kuma wannan ya fi samun maza, musamman masu hawan jini. Akwai wata jijiya da take bin gefen muƙamuƙi tana motsa leɓen ƙasa, in wuƙa ta taɓa ta sai baki ya karkace, wani na watanni, wani har abada. Mu baƙar fata kuma tabonmu ya fi saurin kumbura ya yi tudu, wanda in an yanke shi sau da yawa sai ya dawo. Sa'an nan doguwar tafiyar jirgi bayan fiɗa tana ƙara haɗarin daskarewar jini a ƙafa, ya tafi huhu. In ɗinki ya ruɓe bayan ka sauka Kano, wanda ya yanka ka yana wata nahiya, sai dai a kwashe ka a kai wa likitan gida wanda bai san abin da aka cusa maka ba.

Kada ka ce wannan sai ga matalauci mai neman araha. A watan Oktoba na 2005 uwargidan shugaban ƙasar Nijeriya na lokacin, Stella Obasanjo, ta rasu a ƙasar Sifen bayan fiɗar zuƙe kitse, kuma a 2009 wata kotu a can ta sami likitan da laifin sakaci. Ba muna ambatonta don zargi ba, mutuwa tana kan kowa, sai don ka gane cewa mulki da kuɗi ba su sayen tabbas. A 2023 kuma ma'aikatar harkokin waje ta Ingila ta gargaɗi mutanenta cewa ta san fiye da 25 daga cikinsu da suka mutu a Turkiyya tun daga Janairun 2019 bayan ayyukan asibiti. Su da suke da gwamnatin da take ƙirga gawarsu ke nan. Hausawa sun ce garin gyaran gira a rasa ido. Ko aikin ya yi kyau ma, tsufa bai tsaya ba, fatar za ta sake saki, sai ka sake neman biza.

Muƙamuƙin da ya fi naka bukata

In kana da kuɗin gyaran muƙamuƙi, bari in nuna maka wanda yake bukatar gyara. Akwai wata cuta da ake kira noma, wasu suna cewa zaizayar baki. Yara ƙanana take kamawa, galibi 'yan shekara 2 zuwa 6, waɗanda yunwa ta raunana. Daga dasashi take farawa, cikin 'yan kwanaki ta cinye kunci da leɓe har ƙashi. In ba a yi magani ba, kusan tara cikin goma mutuwa suke yi, alhali in an kama ta da wuri maganin kashe ƙwayoyin cuta da abinci mai gina jiki suna tsayar da ita. Wanda ya rayu, wani muƙamuƙinsa yakan ƙage, ya kasa buɗe baki ya ci abinci ko ya yi karatu. A Sakkwato akwai asibiti musamman domin waɗannan yara tun 1999, kuma a Disambar 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa noma cikin jerin cututtukan da aka yi sakaci da su, bisa buƙatar da Nijeriya ta jagoranta. Wannan ita ce fiɗar fuska irin ta Arfajatu. Yaron nan yana son ya buɗe baki ya sha kunu, kai kana son ka fito da kyau a hoto. Auna da kanka wanne za ka so a tarar a littafinka.

Saboda haka, ɗan'uwa, kafin ka aika wa mai talla hoton fuskarka, tambayi kanka abu uku. Shin mayar da halitta zan yi yadda take, ko canja ta? Wa ya fara nuna mini wannan aibi, kuma me zai samu? In ajalina ya riske ni a kan gadon nan, a wace tafiya za a ce na mutu? Sa'an nan ka rage kallon abin da yake sa ka raina ni'imar da ke hannunka, domin son zuciya ɓacin zuciya ne. Wannan haɓa irin ta mahaifinka ce, da ita ya yi sujada shekara da shekaru, da ita aka san shi aka ba shi aure aka ba shi amana a kasuwa.

Allah ya kyautata halayenmu, ya ba marasa lafiyarmu lafiya, ya sa mu mayar masa da ajiyarsa ba tare da mun ci amana ba. Amin.