Hawan Dala da Jikoki

Idan ranar Takutaha ta zo, mako guda bayan Mauludi, akwai dattawan Dawanau da kan riƙo hannun jikokinsu su nufi Dutsen Dala, inda Barbushe ya bauta wa Tsumburbura tun kafin Wangarawa su iso Kano zamanin Sarki Yaji. Waɗansu malamai sun ɗauki wannan hawa ragowar jahiliyya. Amma ni a ganina hukunci yana bin niyya, kuma tsohon da ya tsaya yana haki, jikanyarsa tana yi masa tsiya wai angonta ya gaza, sa'an nan ya nuna mata Goron Dutse da kufan ganuwa, i'itibari yake nufi, ko da yake ita hankalinta yana wajen mai alewa.